A Fara Neman Ƙafa Kafin a Yanka Jiki

Yau a kan ƙafar tankar yaƙi zan yi magana, 'yar ƙaramar nan da samarinmu ke haɗawa da kwali da gwangwani a ɗora a tebur, da ƙanwarta katafila. Na san wani zai ce wannan ai wasan yara ne. A yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe.

Duk wanda ya tashi a Yalwawa, ko wata unguwa ta Dutse, ya san motar kara da motar langa-langa. Tsohon silifas ne taya, murfin lemo ne fitila, a ɗaura zare a ja har magariba. Ƙannenmu na yanzu sun wuce nan. Suna haɗa katafila mai ɗaga hannu da sirinjin allura, suna haɗa tanka mai juya kai da batir. Sai a ɗauki hoto a sa a Facebook, mu kuma mu yi layi a ƙasa: "Allah ya ƙara basira", "ya kamata gwamnati ta ɗauki nauyinsa". Addu'ar tana da kyau, kiran ma yana da kyau. Amma a cikin masu yabon nan da wuya ka samu mutum ɗaya da ya dubi ƙasan abin. Da za a duba, sai a ga yawancinsu ƙafar zane ce da baƙin fenti, ko kwali ne aka naɗe aka liƙe ba ya motsi, ko kuma an ɓoye ƙananan tayoyi a ciki su ne ke tafiyar. Bindiga ta yi kyau, fenti ya yi kyau, abin da ya mayar da tanka tanka kuwa babu shi.

Ra'ayina shi ne an juya aikin baibai. Yaro yana fara yanka jiki, ya gama ƙawata shi, sannan ya shiga neman abin da zai yi masa ƙafa, alhali ƙafar ce ya kamata a fara samu, ita za ta faɗi girman jikin da tsawonsa. Jiki kwali ne, ana yanka shi yadda aka ga dama. Sarƙa kuwa da tazararta take zuwa, ba ka isa ka ƙara mata ko ka rage ba.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Japan da Turai da Amurka haɗa ƙananan tankoki sha'awa ce ta manya, masu furfura ma suna yi. Ana sayen kwali cike da gutsattsarin roba, mutum ya zauna makonni yana liƙawa yana fenti. Ma'aunin da ya fi shahara a wurinsu shi ne 1/35, wato kowane abu an rage shi ya koma kashi ɗaya cikin 35 na ainihinsa. Labarin yadda aka samo wannan ma'auni yana goyon bayana. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, a farkon shekarun 1960, ya so fitar da tankar Jamus mai suna Panther wadda za ta yi tafiya da kanta. Sai aka tsara jikinta daidai yadda batir biyu za su shiga ciki. Bayan an gama aka auna, aka ga ta faɗo a kan kashi ɗaya cikin 35. Abin da ba ya canzuwa, wato batir, shi ya yanka wa jiki girma, kuma ga shi har yau duniya tana bin wannan ma'auni.

A cikin kwalayen nan, ƙafar da aka saba sakawa ita ce doguwar roba mai laushi guda ɗaya, a haɗa bakinta biyu a zura ta kamar ɗanko. Tana da sauƙi, minti kaɗan an gama. Illarta ita ce ba ta da nauyi, saboda haka tana tsayawa a sanƙare ko ta yi tudu sama, fenti ba ya kama ta sosai, idan kuma an ja ta da ƙarfi tana iya karya sandar taya. Wannan ya sa wasu kamfanoni suka mayar da ƙera ƙafa kaɗai sana'arsu. Modelkasten na Japan yana yin ta roba mai tauri, gaɓa-gaɓa, kowace da filinta. Friulmodel na Turai yana zuba ta ƙarfe mai laushi, mutum ya bi kowace gaɓa ya buɗe raminta da tsinken huji da bai wuce rabin milimita ba, ya zura waya, ya yanke. Yanzu kuma an samu masu fitar da ita da na'urar nan mai buga abu da siffarsa. Sau da yawa kuɗin ƙafar kaɗai yakan kai na kwalin tankar gaba ɗaya, wani lokacin ya wuce. Suna saye kuma ba sa nadama, domin sun san ido a ƙafa yake fara gane ko abu yana da nauyi ko ba shi da shi.

Shin ina cewa ɗan Yalwawa ya yi odar irin wannan? A'a. Idan aka lissafa canjin dala, da kuɗin jirgi, da jiran da za a yi, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Kuma ƙafar da aka ƙera don tayar wani kwali ba lalle ta hau haƙoran tayar wani ba, ko da sunan tankar ɗaya ne. Su kansu masu sayen suna kuka da wannan. Balle kai da ka yanka tayarka da almakashi. Abin ɗauka a wurinsu shi ne tambayar da suke yi kafin su sayi komai: wace tanka nake kwaikwaya, kuma yaya ƙafarta take zama?

Domin ƙafafun ba ɗaya ba ne. Mu ɗauki T-55 ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wadda sojojin Najeriya ma sun mallake ta. Nauyinta tan 36. Tana da manyan tayoyi biyar a kowane gefe, da giɓi a fili tsakanin ta farko da ta biyu, taya mai haƙora da ke jan sarƙar kuma a baya take. Ba ta da ƙananan tayoyin da ke tallafe sarƙa ta sama. Don haka sarƙar takan sauko daga tayar gaba ta yi ciki kamar igiyar shanya da aka ɗora wa jiƙaƙƙen bargo, ta kwanta a kan manyan tayoyin, sannan ta sake hawa zuwa ta baya. Wannan kwanciyar ita ce kamannin T-55. Wanda ya ɗaure mata ƙafa tamau kamar tsirkiyar baka, ko ya yi fentin duniya, wanda ya san ta zai ce ba ita ba ce.

Sherman ta Amurka, ta Yaƙin Duniya na Biyu, akasin haka take. An sa roba a mahaɗin gaɓoɓinta, ana ɗaure ta da ƙarfi a kan ƙananan tayoyin sama, ba ta yin ciki. Wanda ya sakar wa Sherman ƙafa don ta yi kyau a hoto, ya yi mata ƙarya. VT-4 kuwa, wadda Najeriya ta karɓo daga Sin a 2020, an rufe gefenta da faranti, rabin saman sarƙar ba a ganinsa. Mai kwaikwayon ta don ajiya ba shi da dalilin wahalar da kansa a kan abin da faranti zai ɓoye. Ka ga tun kafin a taɓa almakashi, sunan tankar kaɗai ya riga ya faɗa maka irin ƙafar da za ka nema.

Bari in ɗan ratse, don akwai wata dabara da take burge ni. A tankar T-34, filin da ke haɗa gaɓa da gaɓa ba a ɗaure shi da komai. Kansa yana ta ciki, wajen jikin tankar, yana tafiya yana zamewa a hankali. Sai aka liƙa wani ƙarfe mai gangare a jikin tankar ta baya, duk filin da ya leƙo idan ya zo wucewa sai ƙarfen ya buge shi ya koma. Babu noti, babu makulli. Mutanen da ke cikin yaƙi da ƙarancin kaya ne suka yi wannan tunani, kuma irinsa ne ya fi kusa da halin da mai ƙira a garinmu yake ciki.

Mu dawo gida, mu yi lissafi. Faɗin ƙafar T-55 milimita 580 ne, daga fil zuwa fil milimita 137, gaɓoɓi 90 a kowane gefe. A ma'aunin 1/35 faɗin zai koma milimita 16 da rabi, kowace gaɓa kuma ba ta kai milimita 4 ba. Guda 180 za ka yanka da hannu, duk iri ɗaya. Wannan ɗaukar Dala ba gammo ne. Amma me muke da shi a gari wanda gaɓa-gaɓa ne, na ƙarfe, an haɗa shi da fil, yana kuma lanƙwasa da nauyin kansa? Sarƙar agogon hannu. Je ka wurin mai gyaran agogo, za ka tarar da su jibge a gwangwani, agogon ya mutu sarƙar tana nan. Ƙirarta ita ce ainihin ƙirar ƙafar tanka, domin a tanka gaɓar ita ce farantin da ke taka ƙasa, fil ne kawai tsakaninta da 'yar uwarta. Yawancinsu faɗinsu milimita 18 ne ko 20 ko 22. Idan ka samu mai 20, raba 580 da 20, ka samu 29. To ma'auninka 1/29 ke nan, ba kai ka zaɓa ba, sarƙar ta zaɓa. Jikin T-55 mita 6 ne da 'yan kai, saboda haka naka zai zama kamar santimita 21 ko 22. Zagayen ƙafar ta ainihi mita 12 ne da ɗoriya, naka kusan santimita 43 a kowane gefe, wato sarƙar agogo uku-uku. Wahalar tana wurin samun shida masu kama ɗaya, waɗanda ba su tsuke wajen maɓalli ba. Mai talewa kamar ɗanko kuma ba ta yi, don ba ta yin ciki. Zai iya ɗaukar ka makonni kana zaga masu gyara, daga Dutse har Shuwarin. Na fi son saurayi ya yi wata guda yana wannan yawon da ya yi kwana biyu ya fito da tanka mai ƙafar zane.

Sai dai sarƙar agogo ta tankar ajiya ce. Ba ta da ramin da haƙori zai shiga, idan ka sa mata inji za ta riƙa zamewa ko ta saɓule. Mai son abin da zai yi tafiya a rairayi, wurin bakanike zai nufa.

A nan katafila ta fi tanka sauƙi, kuma ta fi ta gaskiya. Ƙafar katafila sarƙa ce a ciki, aka ɗaura faranti a bayanta da noti. Wato duk wanda ya ɗauki sarƙar babur ya ɗora mata gutsattsarin gwangwani, ya bi ainihin hanyar da masu kamfani suka bi. Kuskuren da ake yi shi ne garzayawa ga sarƙar keke don ita ce a kusa. Tazarar sarƙar keke milimita 12.7 ce, kuma faranti a kan gaɓar waje kaɗai yake zama lafiya, wato ɗaya ka tsallake ɗaya, tazara ta koma 25.4. Idan jikin bai wuce tsawon rular ɗan firamare ba, sai ka ga faranti goma sha wani abu sun zagaye shi, ƙafar ta yi gwaɓi-gwaɓi, tana karyewa a kwana maimakon ta naɗe. Sarƙar keke ta babban aiki ce, wanda zai kusa mita.

Wadda ta dace ita ce sarƙar taimin ta cikin injin babur roba-roba. Tazararta milimita 6.35, rabin ta keke. Ɗora faranti ɗaya ka tsallake ɗaya, ka samu 12.7. Katafilar haƙa mai tan 20, irin wadda aka fi gani a wuraren aikin titi, tazarar ƙafarta milimita 190 ce, faɗin farantinta galibi 600, faranti 45 zuwa 49 a gefe. Raba 190 da 12.7, ka samu 15. Ma'auninka 1/15, faɗin farantinka santimita 4. Sarƙar taimin kuma a zagaye take zuwa, gaɓoɓi 80 da 'yan kai, don haka guda ɗaya ta kusa isar gefe ɗaya ba tare da an yanke ta ba. Idan ta saki tana ƙara a inji, bakanike cire ta yake ya yar. Sakin da ya hana ta aikin babur bai hana ta ɗaukar kwali ba. Ka roƙe shi ya haɗa maka da tayarta mai haƙora, don ita aka yi wa haƙoran daidai ita. Kada ka ce za ka yanka taka, haƙori ɗaya ya kauce sarƙa ta hau kai ta faɗi.

Sauran sharuɗɗan kaɗan ne. Gefe biyu su zama gaɓa ɗaya, tsufa ɗaya, in ba haka ba abin zai riƙa karkata. Kowane gefe da ƙaramin injinsa, domin mai ƙafar sarƙa ba ta da sitiyari irin na mota, gefe ɗaya ake rage wa gudu ta juya. Tayar da ba ta da haƙora kada a kafe ta, a yi mata dogon rami yadda za a iya matsar da ita a ɗaure ko a sassauta. Sannan kada a zuba wa sarƙar baƙin mai. A ƙurar hunturun Dutse, mai da rairayi idan suka haɗu cin ƙarfe suke. A wanke ta da kananzir a bar ta a bushe.

Tsohon tub fa? Shi ne abin da kowa ke fara ɗauka, a yanka shi zobe a liƙa masa tsinken ashana. Ba na raina shi. Injin girbin shinkafa mai shiga taɓo, irin wanda ake gani a fadamun Haɗeja, ƙafarsa roba ce guda ɗaya, mai kwaikwayonsa da tub bai yi ƙarya ba. Amma a ƙarƙashin T-55 tub ba shi da wurin zama. Kuma a zafin Afrilu, da rana ke haura digiri 40, roba da gam ba su daɗewa a ɗakin kwano, sai ka tarar tsinkayen sun zube.

Fenti kuma a taƙaice: ƙafar ƙarfe ba baƙa wuluk take ba. Launin tsatsa ce da ƙasa, inda take gogar taya da dutse ne kaɗai ke sheƙi. A kwaɓa ƙasar ƙofar gida da ɗan gam a shafa, idan ta bushe a bi tudun gaɓoɓin da bakin fensir.

Na san abin da za a ce mini. Yaro ne, ya yi ƙoƙari, kada a kashe masa gwiwa da lissafi. Ni kuwa ina ganin yabon da babu gyara a cikinsa shi ne ke tsayar da su wuri ɗaya. Shekara nawa muna ganin irin waɗannan hotuna, jikin yana ƙara kyau, ƙasan yana nan yadda yake? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Jikin tanka aikin ido ne, mai iya zane zai iya shi. A ƙafa ne ake karo da awo, da rabawa, da haƙorin da dole ya faɗa raminsa sau ɗari ba kuskure. Yaron da ya raba 190 da 12.7 don ya san girman kwalin da zai yanka, ya fahimci abin da malamin lissafi ya yi zango guda yana fama ya sa masa a kai. Shi ne wanda gobe idan ya shiga kwalejin fasaha ta Dutse ko Jami'ar Tarayya, ko ya zauna gaban maigidansa a gareji, ba zai tsorata da ma'auni ba. Kuma idan da gaske muke so wani ya ɗauki nauyinsa, injiniyan da za a nuna wa aikin juya shi zai fara yi ya dubi ƙasa.

Akwai kuma iyayen da ba sa son ganin ɗansu da tankar yaƙi ko ta kwali ce, saboda abin da Arewa ta gani a shekarun nan. Suna da hujja, ba zan yi musu gardama ba. Sai dai ƙafar sarƙa ta riga tanka zuwa duniya. Benjamin Holt ya gwada ta a motar noma a Kalifoniya tun 1904, don tayoyi suna nutsewa a ƙasa mai laushi, tanka kuwa sai a Satumban 1916 ta fara shiga fagen fama a Faransa. Sunan katafila ma daga kamfanin Caterpillar muka samo shi, wanda ya gaji aikin Holt. Amfanin sarƙar shi ne ta baza nauyi a faɗin ƙasa yadda abu mai tan da yawa zai bi rairayi bai nutse ba, kuma mu da sunan jiharmu ma daga tudun rairayi ya samo asali mun fi kowa sanin yadda taya ke kafewa. Uban da bai son bindiga ya ce wa ɗansa ya yi katafila. Darasin ɗaya ne, kayan ma sun fi samuwa.

Kuma katafila ana iya zuwa a gan ta, gani ya kori ji. Ga wuraren fasa dutse a kewayen gari, ga masu aikin titi, ga aikin reshen layin dogo da zai haɗa Dutse da Kano. Kada dai wani ya ce zai je ƙofar bariki da waya yana ɗaukar hoto, wannan neman magana ne, hoton tanka ya cika intanet. A je wurin katafila lokacin da aka kashe ta, a yi wa direba sallama, a nemi izini. Yaro ya ƙirga farantan da kansa, ya sa igiya ya auna daga fil zuwa fil, ya dubi yadda sarƙar ta ɗan yi ciki tsakanin ƙananan tayoyin sama. Ya tambayi direban yadda yake ɗaure ta idan ta saki. Zai nuna masa wani ɗan murfi a gefen ƙafar, inda ake ɗura giris ya tura tayar gaba, sarƙar ta miƙe. Idan ta ɗaure da yawa kuma a sassauta wani noti giris ɗin ya fito.